Yaron da ya fita da kwali ya dawo da galan, a wane gida za a sa shi?

Ummi Dala:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kundin digirina na biyu ne ya tsaya mini a wuya, na ce bari in kawo nan ko Allah zai haɗa ni da mai warwarewa. Ina rubutu ne a kan zanga-zanga a biranen Afirka, na ɗauki Kano da Yamai da Khartum. Malamin da ke duba aikin ya ce in fara da alƙaluma, in shiga rumbun ACLED mai tattara rahotannin rikici da zanga-zanga, in fitar da adadi shekara-shekara. Na yi. To amma rumbun gida biyu ya raba abin: ko zanga-zanga, ko tarzoma.

Ni kuwa ranar 1 ga Agusta 2024, ranar da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, a ƙofar gidanmu nake a Kano. Da hantsi ayari ya wuce, yara da samari, kwalaye a hannu, suna ta “ba ma yi, ba ma yi”. Bayan azahar na ga wasu daga cikinsu sun dawo. Akwai wanda na sani farin sani, baro yake turawa a bakin kasuwa. Da safe kwali ne a hannunsa an rubuta yunwa da gawayi, da ya dawo galan ɗin man gyaɗa ne a kafaɗarsa. Mutum ɗaya, yini ɗaya. Don Allah a wane gida zan sa shi?

Alhaji Na Kwari:
Wa alaikumus salam. 'Yata, wannan ai ba ya buƙatar digiri. Gidan ɓarayi za ki sa shi. Maƙwabcina a unguwa an fasa masa sito ranar, kayan ma ba nasa ba ne, bashi ya karɓo. Har yau bai miƙe ba. Mu kuma aka sa dokar hana fita ta awa 24, kasuwa a kulle, mai ciyar da gida da cinikin yini ya kwana da yunwar da aka ce an fito yaƙa. Ku 'yan boko ku yi hattara, kada alƙalami ya mayar da ɓarawo ɗan gwagwarmaya.

Ummi Dala:
Allah ya mayar masa da alheri, Baba. Wallahi ba wanke kowa nake son yi ba. Sata sata ce. Abin da ya dame ni, in na ce ɓarawo ne kawai, kwalin safe ya ɓace daga kundin. In na ce mai zanga-zanga ne kawai, siton maƙwabcinka ya ɓace.

Injiniya Bash:
Ƙanwata kada ki raina ƙirga. Duk wanda ya taɓa fita titi, in kin tambaye shi bayan shekara biyar cewa zai yi sun kai miliyan. Ƙwaƙwalwa tana ƙara gishiri. Alƙaluma ne za su nuna miki wane wata aka fi fita, wane gari, bayan wane ƙarin farashi. Ba tare da su ba hira kike yi, ba bincike ba.

Malam Tijjani:
Injiniya ya yi gaskiya rabi. Bari in ba ku abin da na gani da idona, ku auna.

Ranar 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Yawancin masu rubutu daga ranar 9 ga wata suke farawa, ranar da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aiki, su rufe da ranar 16 da aka janye bayan an mayar da lita 97. Sai hoton Ojota a Legas, mawaƙa a kan dandamali. A Kano kuwa tun kafin ƙwadago ta motsa matasa sun riga sun shimfiɗa tabarma a shatale-talen Silver Jubilee, suka raɗa masa Dandalin 'Yanci, suka ce a nan za su kwana. Lokacin hunturu ne, sanyi har ƙashi. Ina tuna wani mai shayi da ya ɗauko teburinsa daga inda ya saba kafawa, ya zo ya hura wuta a gefe, wanda ke da kuɗi ya biya, wanda babu ya sha. Da lokacin salla ya yi Kiristoci suka riƙe hannun juna suka kewaye masu salla. A garin da mu muka ga rikicin addini na 1991 da 2004, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni da furfurata sai da na share hawaye. Cikin dare aka zo aka tarwatsa su da barkonon tsohuwa.

Sannan ranar 20 ga Janairu, kwana huɗu da janye yajin aiki, bama-bamai suka tashi a Kano, aka rasa mutum fiye da 180. Daga ranar duk mai binciken da ya sauka garin nan, Bature ko ɗan gida, tambayarsa ɗaya ce: Boko Haram. Dandalin 'Yanci ya nutse. Ki je rumbun naki, za ki ga layi: rana kaza, Kano, zanga-zanga. Mai shayin ba ya ciki, hannuwan nan da aka riƙe ba sa ciki, wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Sabon Gari da cikin birni har aka yarda da juna ba ya ciki. Ranar fita titi kamar ranar ɗaurin aure ce, 'yata. Wanda ya zo ranar kaɗai bai san yadda aka yi neman auren ba.

Injiniya Bash:
Allah ya gafarta Malam, ban musa ba. Amma laifin ba na ƙirga ba ne, na inda ake ɗebo labarin ne. Rumbu abin da aka ruwaito yake ɗauka. Inda 'yan jarida suka yi yawa, layuka su yi yawa. In mata hamsin sun tare hanya a wata unguwa saboda ruwa, aka faɗa a Inda Ranka ta Freedom Radio da daddare, ba a buga da Turanci ba, da wuya ta shiga. Maganin shi ne Ummi ta gina nata ƙirgan daga rediyo da Aminiya, ba ta watsar da ƙirga ba.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Tunda an ambaci Yamai bari ɗan Nijar ya sa baki. Injiniya, ina da tambaya gare ka: yaya kake ƙirga mutumin da ya yi zanga-zanga ta hanyar zama a gida?

A farkon 2005, zamanin Tandja, Hama Amadou na firaminista, aka ɗora harajin kayan masarufi, wato TVA, na kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa da madara da sukari da ruwa da kuran, wato wutar lantarki. Ƙungiyoyin farar hula suka haɗu a ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, su Nouhou Arzika a gaba. Ranar 15 ga Maris aka yi jerin gwano a Yamai wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Da mahukunta suka hana fita, sai aka ce to kowa ya zauna gida, a kashe gari. Ina ɗan lakwal lokacin, wato ɗan makaranta. Na leƙa titi, ba taksi, ba kabu-kabu, rumfunan kasuwa a rufe, akuyoyi ne kawai a kan kwalta. Aka kama shugabannin, gari ya sake mutuwa. Cikin Afrilu gwamnati ta sauko, ta cire harajin a kan yawancin kayan.

Wannan ita ce ta ci nasara, amma ba ta da hoto. Titi ne fayau. Mai kanti da ya ƙi buɗewa, don yana goyon baya ne ko don tsoron a fasa masa? Ba ka sani sai ka zauna da shi.

Alhaji Na Kwari:
Ka ga wannan ita ce ta hankali. Ba a fasa siton kowa ba.

Ɗan Damagaram:
Alhaji ranka ya daɗe, an ɗan yi ƙone-ƙonen taya a wasu garuruwa, ba zan ɓoye ba. Amma bambancin shi ne akwai shugabanni da ake jin maganarsu, kuma 'yan kasuwa suna ciki tun farko, don su harajin ya fara cizo. Kuma ƙanwata, in za ki rubuta Yamai kada ki fara daga 2005. Ki koma 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy, uku suka rasu. Daga nan hanya ta buɗe har taron ƙasa na 1991. Da aka tashi shirya taron aka kusa mantawa da mata, sai suka fito ranar 13 ga Mayu 1991, shi ya sa har gobe ranar ce ranar matan Nijar.

Malama Hadiza:
Yawwa, an zo wajen. Tun ɗazu nake karantawa, daga yaro mai baro sai shugabannin ƙwadago. Ummi, wa ya fara fita a Kano a 2024? Ba Agusta ba ce farko. A farkon Fabrairu mata masu gurasa ne suka fito saboda tsadar fulawa. Kwanaki kaɗan bayan haka matan Minna suka tare babbar hanya a Kpakungu. Wata shida kafin masu kwalaye. Matar da take tashi tun kafin asuba ta hura tanderu, ta san farashin buhu ya motsa kafin kowane farfesa ya sani. Ba ta da shafi a intanet, ba ta da kakaki, amma tana da adashi, tana da layin masu sara da ke jiran gurasarta, in ta kashe wuta unguwa ta ji a jikinta.

Ba a nan kaɗai ba. A Wagadugu ta Burkina Faso, kwana uku kafin a ƙona majalisa ranar 30 ga Oktoba 2014, mata ne suka fito ɗauke da muciya, suna cewa kada shugaba Blaise Compaoré ya taɓa sashe na 37 na tsarin mulki, mai ƙayyade wa'adin shugaba, bayan shekara 27 a kan kujera. A al'adarsu mace ta ɗaga wa namiji muciya babban al'amari ne. Amma in ana ba da labarin, sunan ƙungiyar Balai Citoyen da mawaƙanta ake fara kira. A Abeokuta ma matan kasuwa ne tare da Funmilayo Ransome-Kuti suka matsa a kan haraji har Alake, sarkin garin, ya sauka a 1949. Ki sa hijabinki ki je ki zauna bakin tanderu. Kada ki je da takardar tambayoyi, ki je da hannun taya aiki.

Ummi Dala:
Anti kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Wallahi babi na biyu gaba ɗaya babu mace ko ɗaya sai a jerin waɗanda abin ya shafa.

Abu Yasir:
Salam ya jama'a. Ni Bahaushen Sudan ne, asalinmu Mai Wurno, na girma a Umdurman, yanzu yaƙi ya fitar da mu. Ku yi haƙuri da Hausata.

'Yar'uwa, abin da Malam ya faɗa na neman aure, mu mun rayu a cikinsa. Duniya ta san 19 ga Disamba 2018, da aka tashi a Atbara saboda burodi ya koma fam 3 daga fam 1. Ta san 6 ga Afrilu 2019 da aka zauna a gaban hedikwatar soja, an zaɓi ranar ne don a irinta shugaba Numairi ya faɗi a 1985. Ta san an tuɓe shugaba Bashir ranar 11. Abin da ba a cika sani ba shi ne wanda ya riƙe zaman kusan wata biyu, har cikin azumi. A kowace unguwa akwai kwamitin turjiya, lijan al-muƙawama, samari da 'yan mata da suka san gidan kowa. Su ne masu tara kuɗi, masu jera duwatsu a tare titi, masu binciken aljihu a bakin shiga da fara'a don kada a shigo da makami. Mata masu shayi, Awadiya Koko na jagorantarsu, su suka riƙe tukunya ana ciyar da dubbai.

Ranar 3 ga Yuni, 29 ga Ramadan, aka afka wa zaman. Kwamitin likitoci ya ce an kashe fiye da mutum 100, wasu gawarwakin daga Nilu aka tsamo su. Aka yanke intanet sama da wata guda. Wanda ke nazarinmu ta Twitter daga Landan zai ce shi ke nan, an mutu. Mu kuwa gida-gida muke bi, takarda a cikin safa, rubutu a bango da dare, sanarwa a bakin masallaci. Ranar 30 ga Yuni ba intanet, garin ya cika maƙil. Wa ya kira su? Maƙwabci ne ya kira maƙwabci.

Da yaƙi ya ɓarke 15 ga Afrilu 2023, waɗannan yaran su ne suka koma ɗakunan agajin gaggawa, suna dafa abinci a unguwa, suna kai marasa lafiya. A rumbu ba za a kira wannan zanga-zanga ba. Amma mutanen nan ne dai, tukunyar ma wataƙila ita ce.

Abu ɗaya kuma, don ke Bahaushiya ce. A Yuli 2022 bayan kashe-kashen jihar Blue Nile, Hausawa sun fito a Khartum da Kassala da Gadarif da Port Sudan suna neman haƙƙin jininsu. A Kassala an ƙona ofisoshi. Masu rubuta tarihin juyin juya hali sukan tsallake mu, su ce wannan rikicin ƙabila ne. Mu a wurinmu tambayar ɗan ƙasa muke yi: mu 'yan Sudan ne ko baƙi? Don Allah kada ki tsallake.

Malam Tijjani:
Allah ya kawo muku zaman lafiya, ya mayar da ku gidajenku. Ka ga abin da nake nufi ke nan da suna. Wannan a ce masa juyin juya hali, wancan rikicin ƙabila. Na Lekki a 2020 matasa masu kishi, na Kano a 2024 ɓata-gari. Mu kanmu a Hausa muna da zanga-zanga, muna da bore, tarzoma, tawaye, yajin aiki, kuma wanda ke kan kujera shi ke zaɓar wadda za a faɗa a labaran ƙarfe bakwai. 'Yan NEPU ma ai 'yan iska aka kira su a shekarun 1950, yau ga sunan Malam Aminu a filin jirgi. Aikin mai bincike ya tambaya wa ya raɗa sunan, yaushe, me ya samu da raɗawar.

Alhaji Na Kwari:
Malam da girmanka, kada ka haɗa 'yan NEPU da masu fasa sito. Mahaifina ɗan NEPU ne, an ɗaure shi, bai taɓa ɗaukar allurar wani ba.

Malam Tijjani:
Allah ya jiƙansa, Alhaji, ban haɗa su ba. Mahaifinka yana da jam'iyya, yana da katin shaida, yana da shugaba da zai tsawata masa. Yaron Ummi wa yake da shi? Ba ya cikin NLC, ba albashi gare shi ba balle ya yi yajin aiki. In ya zauna gida kamar mutanen Yamai ba wanda zai lura, shi ne ma zai kwana da yunwa. Ranar da aka ce a fito, ba wanda ya taɓa zama da shi ya ce ga inda za mu, ga abin da muke nema, ga lokacin tashi. A Khartum an yi shekaru ana wannan zaman a unguwa. A Kano kira aka yi ta waya, aka taru, ba mai riƙe da linzami. Siton maƙwabcinka a nan ya tafi. Wannan ba uzuri ba ne, dalili ne, kuma in ba a gano dalilin ba za a sake.

Alhaji Na Kwari:
To wannan na ji. Amma dai a rubuta cewa an yi sata.

Ɗan Damagaram:
Ƙarin wani ƙulli, ƙanwata. Tutar Rasha da aka ɗaga a Kano a Agusta 2024, mu a Yamai mun riga mun gan ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Mutane sun yi makonni suna kwana a shatale-talen kusa da sansanin sojan Faransa har suka fice a Disamba. Jama'a ce ta gaske, fushin ma na gaske ne. Amma wannan karon masu mulki suna so. Ita ma gwagwarmaya ce, ko sai wadda ake harbi? Ni kaina ina da ra'ayi biyu a kai.

Barista A.:
Ban so in yi magana ba sai da aka ambaci tuta. Ummi, ki saurare ni da kyau. Bayan Agusta har teloli aka kama saboda ɗinka tutar nan. Ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da waɗanda aka kwaso daga Kano da Kaduna a babbar kotun tarayya a Abuja, da ƙananan yara a ciki, ana tuhumarsu har da cin amanar ƙasa. Sun yi wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin naira miliyan 10 kowanne. Sai da ƙasa ta ɗauka sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su. Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a zanga-zangar, 'yan sanda sun musanta.

Yanzu ke za ki je wurin yaron nan da waya ki naɗi muryarsa yana cewa ya ɗauki galan. Wayarki ta faɗa hannun da bai dace ba, kin rubuta masa takardar tuhuma da hannunki. Kada ki naɗi murya. Kada ki rubuta suna, ko unguwa, ko bakin kasuwar da yake tsayawa. Ko a nan zauren kin faɗi abin da ya isa, kada ki ƙara.

Ummi Dala:
Innalillahi. Yaya wallahi ban kawo wannan ba. Kuma a makaranta an ce dole kowa ya sa hannu ko ya dangwala a takardar amincewa, a haɗa a bayan kundi.

Barista A.:
Ki rubuta musu ki nemi a yarda da amincewar baki, ki kawo shari'ar Nuwamba a matsayin hujja. Ana yin haka a binciken da ke da haɗari. In kina so in duba miki wasiƙar, turo ta akwatina.

Injiniya Bash:
Ni ma na sauko kaɗan. Ki bar teburin alƙaluman, amma ki ƙara masa gurbi: wa ya ruwaito, da wane harshe, wane suna ya kira abin. In kin jera yadda rediyon Hausa da jaridar Legas da sanarwar 'yan sanda suka kira rana ɗaya, wannan kaɗai babi ne. Zan taya ki tsara shi.

Malam Tijjani:
Ina da kwali guda a ɗaki, takardun da aka rarraba a 2012 ne da wasu na zamanin shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1989, har da na hannu. Gara ta fara taɓa gefe. Ki zo ranar Asabar bayan la'asar ki ɗauki hotonsu, ki taho da ɗan'uwanki ya taya ki ɗagawa.

Alhaji Na Kwari:
In kin gama da Malam ki biyo kasuwa. Zan kai ki wurin maƙwabcin nawa, in ya yarda ya yi magana. Littafin bashin yana nan, shafi-shafi, za ki gani da idonki. Ki zo da safe kafin ciniki ya buɗe.

Ummi Dala:
In sha Allah Baba, Litinin ƙarfe takwas. Anti Hadiza, wace rana kike da sarari mu je wurin masu gurasar tare? Ni kaɗai ba za su sake da ni ba.

Malama Hadiza:
Laraba. Amma ki sani tun asuba ake zuwa, ƙarfe bakwai sun kwashe.